Ranar da Layin Likita Bai Yanke Ba

Duk masu turo min saƙo suna cewa in rabu da Likita, na ga saƙonninku. Har da baiwar Allahn da ta rubuta cewa namijin da zai kashe wa uban budurwarsa waya a kunne, ko kyauta aka ba ta shi ba ta so. Ban ji haushinki ba, 'yar'uwa. Ni da bakina na faɗi abin da ya fi wannan muni, a ɗaki, fuskata cikin filo. Amma ku gyara zama, don abin da na gano ranar Asabar har yanzu bai bar ni na ci abincin kirki ba.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa: ni injiniya ce a wani kamfani da ke kai intanet ƙauyukan da babu sabis, ta tauraron ɗan'adam. Likita kuwa, wanda zuciyata ta nace wa, shi kaɗai ne likita a wani ƙaramin asibiti can bayan kogi. Da damina ta kankama kogin yake cinye hanya, ba shiga ba fita sai ruwa ya janye. Farantinmu na kama siginal da ke kan rufin asibitin shi kaɗai ya haɗa shi da duniya, ya haɗa shi da ni.

Sai kuma Injiniya, shugaban sashenmu, wanda ya fito neman aurena. A gidanmu in aka ce "Injiniya" shi ake nufi, duk da takardar da yake da ita irinta ce a akwatina. Ni dai a wajensu mai aikin kwamfuta ce kawai. Ba shi da aibun da zan nuna muku, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Yana cire takalmi tun daga bakin ƙofa, yana durƙusawa ya gai da Umma, ya san ranar da maganin hawan jinin Baba yake ƙarewa. Umma in ta ji ƙarar motarsa har mayafi take sakewa.

Tun da Likita ba ya iya zuwa, Baba ya yarda su gana ta kiran bidiyo. Ku da ba ku san Baba ba ba za ku gane girman wannan ba. Mutum ne da ko saƙon murya ba ya saurara, ya ce wanda ke da magana ya tako da ƙafarsa. Ranar farko wanka ya yi, ya sa rigarsa ta fita, ya kafa hula, ya goge tabarau, ya zauna a kujerarsa ta kusa da taga. Aka gaisa. Baba ya buɗe baki zai fara tambaya, sai hoton Likita ya daskare, baki a buɗe, ido ɗaya a rufe, daga nan ɗif. Karo na biyu ma haka, tun kafin a gama tambayar lafiyar iyaye. Baba ya cire tabarau ya naɗe, ya tashi ya shige ɗakinsa. Na gwammace ya yi faɗa.

Daga baya Likita ya yi ta ba da haƙuri, ya ce ruwan sama ne. Na ce masa, "Wane ruwa? Ni na gina abin da ke hana ruwa yanke layi." Na ce in tsoron Baba yake ji ya fito fili ya faɗa. Ya turo min: "Wallahi ko ɗigo bai fara sauka ba layin yake ɗaukewa." Ni kuma na karanta wannan a matsayin ya tona wa kansa asiri.

Safiyar Asabar ina tsaye gaban madubi ina ɗaura ɗankwali Baba ya kira ni. Doguwar riga ruwan toka na sa, wadda Umma ta ce tana sa ni kama da ma'aikaciyar banki mai fushi. Na same shi yana shan shayi, rediyo na magana ƙasa-ƙasa.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"Manyan yaron nan Injiniya sun sake aiko min. Na gaji da ce musu su dakata. Yau bayan la'asar zan zauna wa likitanki. In ya yi magana, mun ji. In ya sake yi min abin da ya saba, kada ki ƙara kawo min sunansa."

"Baba, da za a mayar da shi da safe, kafin hadari…"

"Ni zan bi lokacinsa?"

Umma ta leƙo daga kicin, ludayi a hannu. "Ke dai ki ji tsoron Allah. Ga mutum a gabanki kullum kamar zai kwanta a taka shi, kin tsaya jiran wanda sai an duba sama kafin a ji muryarsa. Ba wanda zai miki dole, amma shekaru ba sa jiran kowa."

Kullum haka take cewa, ba wanda zai min dole. Sai dai duk ƙofar da na juya sai in tarar da wani a tsaye a bakinta yana murmushi.

Auta, ƙanwata, ta raka ni bakin get tana taunar cingam. "Yaya, ni zan riƙe wa Baba wayar. Zan dinga turo miki rahoto kai tsaye. Amma fa ki sani, ni 'yar jam'iyyar Injiniya ce."

"Allah ya shirye ki."

"Amin, tare da likitanki."

Dole ce ta fitar da ni aiki ranar, don makon gwaji muke ciki. Bari in yi muku bayani a gajarce, kada ku gudu. Tauraron da muke haya ƙarfinsa ƙayyadadde ne, kamar tulu ɗaya ne da za a raba wa gidaje da yawa. Kowace tasha sai an zaɓa mata ƙarfin da za a ba ta, da irin tafiyar da saƙo zai yi: ko da gudu, ko a hankali ana maimaitawa don kada ya ɓace a hanya. Ruwan sama yana cin siginal, saboda haka in hadari ya taso sai an sake rabon. Da can mutane ke yi da hannu, kafin su gama ruwan ya wuce. Ni na gina manhajar da ke koyo da kanta. Na ɗura mata bayanan damina da yawa, ta koyi gane hadari tun kafin ya haɗu, ta dinga gyara rabon cikin ƙiftawar ido. A ofis Ɗan Duba ake ce mata. Ina alfahari da Ɗan Duba kamar ni na haife shi.

Wata babbar hukuma ce ke gwada shi a makon, in ta gamsu ta ba mu sauran yankunanta. Sharaɗinsu guda ne: ba hannun mutum. Duk wanda ya taɓa saiti da hannu sunansa zai fito, kuma gwajin ranar ya tashi a banza. Sun ajiye mana wakilinsu a ɗakin lura, wani dattijo mai jaket da ba ya dariya, yana zaune a kusurwa da kofin shayinsa yana kallon babban allo.

Ɗakin lura ba shi da taga. Sanyin na'ura ya sa kowa yana da rigar sanyi rataye a bayan kujera. A babban allo layi ɗaya ne kore, jimillar saƙon da ke wucewa a duk tashoshi, kuma tun da Ɗan Duba ya fara aiki layin nan bai taɓa sunkuyawa ba. Shi muke kallo, shi muke tafa wa.

Wajen azahar zuciyata ta ƙi zama wuri ɗaya. Na ce bari in leƙa tashar bayan kogi ita kaɗai, in ga ko farantinsu ne ya karkace, in sami abin da zan kare shi da shi ko abin da zan kama shi da shi. Ban taɓa ware tasha ɗaya na duba ba. Me zai sa? Jimilla lafiya lau.

Na buɗo ranar kiran farko. Ƙarfin tashar yana tafiya daidai, sai kawai ya faɗo ƙasa kamar an yanke shi da wuƙa. Ba ruwa ne ya ci shi ba, daga wajenmu aka janye. Na buɗo rana ta biyu. Haka. Na koma baya, na koma baya, duk yammacin da hadari ya doshi bayan kogi, tun kafin ɗigon farko Ɗan Duba yake kwashe rabonsu ya watsa wa sauran.

Na jingina da kujera ina kallon allon.

Ba lalacewa ya yi ba, ku fahimce ni. Abin da na koya masa ya yi. Na ce masa ladanka shi ne yawan saƙon da ya wuce gaba ɗaya, ban ce masa kada ka bar kowa a baya ba. Tashar bayan kogi tana can gefen inda hasken tauraron yake ƙarewa, farantinta ƙarami, in ana ruwa abin da za a kashe a riƙe ta zai ishi tashoshi da dama. Shi kuwa ɗalibi ne mai ƙwazo. Ya lissafa ya ga in ya sadaukar da ita makinsa zai hau, ya sadaukar da ita. Asibiti guda, da marasa lafiyarsa, da mutumin da na kira matsoraci.

Na jawo waya na rubuta wa Likita: "Ka yafe min. Ba laifinka ba ne, nawa ne. Zan yi maka bayani." Saƙon ya shiga. Ya amsa da sauri: "Ban gane ba, amma na yafe tun kafin in ji. Na sallami mara lafiya na ƙarshe, na sa farar rigar da kika ce tana min kyau. Gabas ta fara haɗewa fa. Ki yi mana addu'a."

Na ɗaga kai na dubi taswirar hadari. Wani baƙin dunƙule yana rarrafowa ta gabas, kai tsaye zuwa kogi.

Gyaran na san shi, ba wuya: a sa wa kowace tasha ƙasan da ba za a sauka ƙarƙashinsa ba, a sake horar da shi. Amma wannan aikin kwanaki ne, kuma ba a sauya manhaja a tsakiyar gwaji. In kira Baba in yi masa bayani? In ce masa na'urar da Injiniya yake zuwa falonmu yana yabo, ita ce mai laifi? Cewa zai yi so ya kai ni ga ɗora wa kaina laifin wani. Hanya ɗaya ta rage, a riƙe tashar da hannu. Mabuɗin yin haka kuwa mutum ɗaya ke da shi a ginin nan.

Ku faɗa min, da wace fuska?

Na daɗe a bayi ina kallon kaina a madubi. Na gyara ɗankwali, na warware, na sake ɗaurawa. Aka kira la'asar, na yi salla a ɗan lungun da muke shimfiɗa darduma, ban san me na karanta ba. Saƙon Auta ya shigo: "Baba ya shiga wanka." Wani ya biyo: "Ya ce a goge masa rigar fita. Umma tana ta tsaki."

Na ƙwanƙwasa ofishinsa. Gilashi ne bangon, ana hango ɗakin lura daga ciki. Yana zaune da farar riga ya naɗe hannunta zuwa gwiwar hannu, agogonsa a ajiye kan tebur. Ya ɗago ya yi min murmushin nan nasa mai sa in ji kamar na ci amanar wani.

"Ranki ya daɗe. Lafiya na ga fuskarki haka?"

Na ajiye masa kwamfutata a gaba. Na nuna masa layin tashar bayan kogi. Ya duba, ya matsa gaba, ya koma baya. Murmushin ya tafi.

"Tun yaushe?"

"Tun farkon damina."

"Kuma ba wanda ya gani."

"Jimilla muke kallo."

Ya shafa fuskarsa da hannu biyu. "Ni na sa hannu a kan wannan ma'aunin. Ba ke kaɗai ba ce." Ya dubi taswirar hadarin, ya dubi agogonsa, sannan ya dube ni. "Yau ne, ko? Auta ta faɗa min."

Na sunkuyar da kai. Da ƙasa za ta tsage da na gode mata.

"Kin san abin da kike roƙo na?"

"Na sani."

"In na taɓa, gwajin yau ya rushe. Wataƙila na makon duka. Ranar Litinin ni zan tsaya gaban masu kamfani." Ya ɗan yi dariyar da ba ta kai ido ba. "Kuma duk don wani ya samu ya gaya wa Baba cewa ya fi ni."

"Ka bari kawai. Ban san ma me ya kawo ni ba."

Na miƙa hannu zan ɗauki kwamfutar, ya dafe ta.

"Asibiti ne," ya ce. "Ko ba ke, ba a kashe wa asibiti layi ana ruwa. Haka zan rubuta, kuma gaskiya ce. Sauran kuma tsakanina da zuciyata."

Ya tashi ya fita ɗakin lura, na bi shi kamar raƙumi da akala. Ya je wajen dattijon mai jaket ya yi masa magana a hankali. Dattijon ya ajiye kofi, ya zaro biro. Injiniya ya zauna a kujerata, ya sa katinsa, ya buga lambobinsa. A daidai lokacin ƙarfin tashar bayan kogi ya fara zamewa, Ɗan Duba ya fara halinsa. Injiniya ya kamo ƙarfin ya mayar, ya ƙara, ya sauya tafiyar saƙon zuwa ta a hankali mai maimaitawa, ya kulle. A babban allo koren layin nan da bai taɓa sunkuyawa ba ya sunkuya a gaban kowa. Dattijon ya duƙufa yana rubutu.

Wayata ta fara rawa a tafin hannuna, saƙonnin Auta suna shigowa.

"An ɗauka!"

"Sun gaisa. Ana jin ruwa kamar da bakin ƙwarya a kan kwanonsu amma hoton tar."

"Baba ya tambaye shi sana'ar mahaifinsa."

"Yaya, BABA YA YI DARIYA."

"Likitanki ya iya magana ashe. Na kusa sauya jam'iyya."

Na koma bayi na kulle, na yi kukan da na daɗe ina tarawa. Farin ciki ya cika ni har na rasa inda zan zuba shi, sai na danna na yi wa Auta saƙon murya, ina shessheƙa ina dariya. Na faɗa mata komai: Ɗan Duba, gwajin, katin, da abin da zai tarar ranar Litinin. Na ce, "Auta, Injiniya ne ya buɗe masa layin da hannunsa."

Shekara nawa ina zaune da yarinyar nan? Na san sarai ba ta taɓa kara saƙon murya a kunne ba. A lasifika take sakewa, ko a ina take, ko gaban wa.

Da na fito zan tafi, yana ofishinsa yana waya a tsaye, ya juya wa gilashin baya. Na tsaya in yi godiya, ya ɗago min hannu alamar in je kawai. Ban san ko don ya hutar da ni ba ne, ko don kada in ga fuskarsa.

Na isa gida gab da magariba. Tun daga tsakar gida na san da wani abu, don Umma ta amsa sallamata da fara'a har da "sannu da aiki, 'yar albarka." Auta na zaune a bakin ƙofar ɗakinmu, ta ƙi haɗa ido da ni, cingam ɗin ma ta daina tauna.

Baba yana kujerarsa, bai cire rigar fitar ba.

"Zauna, Uwata."

Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, na ja mayafi.

"Na yi magana da likitanki. Yaron kirki ne. Yana da natsuwa, ya san darajar manya. Na zarge shi a kan abin da ba laifinsa ba, kuma na nemi ya yafe min."

Na buɗe baki zan ce na gode.

"Ban gama ba." Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. "Na ji saƙonki. Sau biyu na sa Auta ta maimaita min. Na yi shekaru ina hulɗa da mutane, na ga masu kyauta, na ga masu haƙuri. Amma mutumin da zai sa aikinsa a wuta don ya buɗe wa abokin takararsa ƙofa ya zo ya yi magana da ni, ban taɓa gani ba sai yau."

"Baba…"

"Uba ba ya neman wanda 'yarsa ta fi so kawai. Yana neman wanda in ya rufe ido ya san ba za a wulaƙanta ta ba, ko ranar da ba a jin daɗinta. Ba zan miki dole ba. Amma in albarkata kike nema da zuciya ɗaya, kin san inda take." Ya mayar da tabarau. "Na ce wa manyan Injiniya su zo."

Ban san yadda na tashi ba. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado da takalmina a ƙafa. Wayata ta yi haske. Likita ne: "Alhamdulillah! Baba ya ce na burge shi. Yau ruwa kamar me amma layi ko gezau. Duk wanda ya yi wannan aikin, ki gode masa a madadina."

Na rubuta, na goge. Na sake rubutawa, na goge. Me zan ce masa?

Kafin in sami kalma ɗaya wani saƙon ya shigo a samansa, daga Injiniya.

"Ba su ma jira Litinin ba, sun dakatar da ni daga gobe. Kada ki damu, kuma kada ki ji kamar ina bin ki wani abu. Ya kiran ya tafi?"